Farfaɗiya da Aikin Tiyata: Dalilin da Ya Sa Ake Gwada Kowane Harshe da Majiyyaci Ke Ji

Ciwon farfaɗiya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Da wuya a sami gari ko ƙauyen da babu mai fama da shi, ko da yake iyalai da yawa sukan ɓoye nasu don gudun bakin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan ciwo a duniya sun kai kimanin miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna zaune ne a ƙasashe masu tasowa irin tamu. A nan gida kuwa, binciken da Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan suka yi gida gida a garin Igbo-Ora, wanda aka buga a shekara ta 1987, ya sami mutum 5 da ɗan ɗori cikin kowane dubu. A Aiyete, wani ƙauye da ba shi da nisa da can, an riga an sami har 37 cikin dubu.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba shafar aljanu ba ce, kuma ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa wanda ya faɗi. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wata 'yar ƙanƙanuwar wutar lantarki wadda ƙwayoyinta ke aika wa juna saƙo da ita. Idan wutar nan ta yamutse a wani wuri, ta tashi gaba ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, shi ke nan ciwo ya tashi. Magungunan asibiti suna tsayar da shi ga yawancin mutane, har ana ganin mutum 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace, suka kuma riƙe shi da kyau. Sauran kuwa, ko an sauya magani, ko an ƙara, ciwon ba ya jin kira. Ƙa'idar da likitocin duniya suka amince da ita a 2010 ita ce, in an gwada magani iri biyu da suka dace, an sha su yadda ya kamata, ciwo bai tsaya ba, to lokaci ya yi da za a duba ko aikin tiyata zai yi amfani.

Aikin ba sabon abu ba ne. Tun 1886 wani likita mai suna Victor Horsley ya buɗe ƙoƙon kan wani saurayi a Landan, ya cire tabon da ke tayar masa da ciwo. A 2001 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Kanada a kan majiyyata 80, aka raba su gida biyu. Cikin waɗanda aka yi wa aiki, kashi 58 cikin ɗari sun cika shekara ba tare da ciwon da ke gusar da hankali ba. Cikin waɗanda aka bari a kan magani kaɗai, kashi 8 ne suka sami haka. Wannan rata ba ƙarama ba ce. A ƙasarmu an fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, a hannun Farfesa Latunde Odeku, kuma manyan asibitocin koyarwa na Kudu da Arewa suna da likitocin wannan fanni. Amma cikakken binciken da ake yi kafin tiyatar farfaɗiya ba kowane asibiti ke da kayansa ba, saboda haka mutanenmu da dama sukan nufi Indiya, ko Masar, ko Turai.

Ko a gida za a yi aikin, ko a waje, akwai wani hatsari guda da wannan takarda ke son jawo hankalin jama'a a kansa, domin ya fi shafar mu fiye da yadda ya shafi mutanen ƙasashen da suka ƙago gwaje-gwajen. Wurin da farfaɗiya ta fi yawan tasowa ga manya shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne. Nan kusa kuma, musamman a ɓangaren hagu, nan ne magana take. Likitan da zai yanke wurin ciwo tilas ya san inda magana ta tsaya, don kada ya kore faɗuwa ya tafi da baki. Ɗan Nijeriya kuwa da wuya ka same shi da harshe ɗaya.

Inda magana take a cikin kai

Ƙwaƙwalwa ɓangare biyu ce, hagu da dama, kuma kowane ɓangare yana sarrafa ɗaya gefen jiki ne: na hagu ke motsa hannun dama, na dama ke motsa hannun hagu. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majiyyaci a Faris wanda yake jin abin da ake faɗa masa sarai, amma ya yi shekaru ba ya iya furta kome sai gaɓa ɗaya tak. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka ga lahanin yana ɓangaren hagu, wajen goshi. A 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana wasu majiyyata da maganarsu ke zuba kamar ruwa amma ba ta da kai, su kuma ba sa gane ta mutane. Nasu lahanin yana hagu shi ma, amma can baya, sama da kunne.

Daga nan aka gane cewa ga yawancin mutane magana a hagu take. Cikin masu aiki da hannun dama, kimanin kashi 95 cikin ɗari haka suke. Cikin bahagwai kuwa kimanin kashi 70 ne. Sauran tasu tana dama, ko kuwa ta rabu tsakanin ɓangarorin biyu. Mai farfaɗiya ya fi kowa saɓa wannan lissafi, musamman wanda ciwon ya kama tun yana ƙarami, domin ƙwaƙwalwar yaro takan kwashe aikin magana daga wurin da ya lalace ta mayar da shi maƙwabta, wani lokaci ma ta ƙetare da shi ɗaya ɓangaren. Saboda haka ba a yanke wa kowa hukunci da abin da ke cikin littafi. Kowane majiyyaci sai an zana masa taswirarsa.

Mai harshe biyu ko uku

Tun ƙarni na sha tara likitoci suka lura da wani abin mamaki ga masu jin harsuna da yawa waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, bakinsu ya kama. Wani sai harshe ɗaya ya dawo masa, ɗayan ya ƙi. Théodule Ribot, a 1881, yana ganin abin da aka fara koya shi ke daɗewa bai ɓace ba, watau harshen uwa ne zai tsira. Albert Pitres, a 1895, ya ce a'a, harshen da mutum ya fi amfani da shi kafin ciwo shi ke fara dawowa. An yi ta kai ruwa rana a kan wannan, daga baya aka ga babu ɗayansu da ya dace da kowa. Michel Paradis na Jami'ar McGill a Kanada, wanda ya tattara ɗimbin irin waɗannan rahotanni, ya nuna cewa mafi yawa harsunan sukan dawo tare, amma akwai wanda ɗaya ke rigan ɗaya, akwai wanda ɗaya ke ɓacewa sam, akwai kuma wanda suke cakuɗe masa ya kasa raba su.

Abin da ya fito da maganar fili shi ne aikin George Ojemann, likitan tiyata a birnin Siyatil na Amurka. A 1978 shi da Harry Whitaker suka ba da rahoton majiyyata biyu masu farfaɗiya, ɗaya yana jin Holanci da Turanci, ɗaya Turanci da Sifaniyanci. Sun taɓa wurare dabam dabam a saman ƙwaƙwalwarsu da 'yar wutar lantarki suna farke, ana nuna musu hotuna suna faɗin sunayensu. A wasu wurare in an taɓa, harsunan biyu duka sukan tsaya. A wasu kuwa sai ɗaya ya tsaya, ɗayan ya ci gaba lafiya lau. A 2004 Ojemann da abokan aikinsa suka sake ba da rahoto, wannan karo a kan masu harshe biyu su 25, aka sake samun haka: akwai wuraren tarayya, akwai kuma na kowane harshe shi kaɗai.

Lokacin da aka koyi harshe ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a Niyu Yok da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka buga a 1997, ya nuna cewa waɗanda suka tashi da harsuna biyu tun suna goye, harsunan nasu sun hau kan juna a wurin nan da Broca ya gano. Waɗanda suka koyi na biyun bayan sun girma kuwa, kowane harshe ya ɗan ja gefe da nasa filin.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Hausa tana gabas, Turanci yana yamma. Ga yawancin mutane duk harsunan suna ɓangare ɗaya, kuma sun yi tarayya a mafi yawan wurare. Bambancin na santimita ɗaya ne ko biyu. To amma da santimita likitan tiyata ke awo. An saba barin tazarar kimanin santimita ɗaya tsakanin bakin yanka da duk wurin da aka tabbatar na magana ne. Wurin da ba a gwada ba, ba za a bar masa tazara ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da aka haifa a unguwar Sabo ta Ibadan, ko Agege a Legas. Da Hausa ya tashi, da ita yake magana da mahaifiyarsa da matarsa. Yarabanci ya koya a titi tun yana ɗan shekara biyar, da shi yake ciniki. Larabci ya shiga kansa a makarantar allo. Turanci kuwa sai a firamare ya gamu da shi, yana amfani da shi a banki da asibiti. In aka kai wannan mutum ƙasar waje, da Turanci za a yi masa tambayoyi, da Turanci za a gwada shi, domin shi ne harshen da ya haɗa shi da likita. Za a zana taswirar harshen da ya fi ƙarancin bukata, a kiyaye shi da kyau. Hausarsa da Yarabancinsa kuwa an bar su ga sa'a. Haka abin yake ga Bafulatanar Adamawa, da Babarbaren Maiduguri, da mutumin Ama Hausa a Owerri da ke jin Ibo kamar ɗan gari. Ƙasa ce mai harsuna fiye da 500.

Yadda ake gwajin

Ana farawa da abin da ba ya bukatar allura ko wuƙa. Ana kwantar da majiyyaci 'yan kwanaki, a liƙa masa wayoyi a fatar kai, na'urar da ake kira EEG tana rubuta wutar ƙwaƙwalwarsa, ana kuma ɗaukar hotonsa na bidiyo har ciwon ya tashi, don a ga daga ina ya faro. Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI a nemi tabo ko ƙari. Sa'an nan wani masanin aikin ƙwaƙwalwa ya zauna da shi sa'o'i da dama yana auna tunaninsa, da riƙonsa, da maganarsa: a nuna masa hoto ya faɗi suna, a karanta masa jerin kalmomi ya maimaita bayan an jima, a ce ya lissafo dabbobin da zai iya cikin minti ɗaya.

Bayan wannan akwai hanyoyi uku na neman mazaunin magana. Ta farko ita ce a sa mutum cikin na'urar MRI a ce ya yi ta ambaton sunaye ko ƙirƙirar jimloli a zuci. Wurin da ke aiki yakan ja jini fiye da sauran, na'ura kuwa tana ganin haka. Wannan hanya ta samu ne tun farkon shekarun 1990, ba ta da zafi ba ta da hatsari, kuma ana iya maimaita ta da kowane harshe ɗaya bayan ɗaya. Aibinta shi ne, takan nuna duk wanda ya halarci wurin gini, ba ta bambanta magini da 'yan kallo.

Ta biyu ita ce gwajin Wada, wanda Dakta Juhn Wada, mutumin Japan, ya bayyana a 1949. Ana zura siririn bututu ta jijiyar jini a gindin cinya har ya kai jijiyar wuya, a tura maganin barci zuwa ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa. Majiyyaci yana kwance ya ɗaga hannuwansa biyu yana ƙirga. Da maganin ya isa, hannun ɗaya gefen sai ya faɗi. In ɓangaren da aka sa barci shi ne mai magana, bakin ma sai ya tsaya. Cikin 'yan mintoci kaɗan maganin yake sakinsa, kuma a cikin mintocin nan ne za a gwada magana da riƙo duka. Mai harshe uku ba a ƙara masa lokaci, saboda haka sai an tsara tun da wuri abin da za a tambaya da kowane harshe. Asibitoci da yawa sun rage yin wannan gwaji tun da hoton MRI ya samu, amma ana komawa gare shi in hoton bai fayyace ba.

Ta uku, wadda ta fi kowace tabbas, ita ce wadda Wilder Penfield ya shahara da ita a cibiyar da ya kafa a Montiriyal a 1934. Ana kashe zafin fatar kai, a buɗe ƙoƙo, a tashi majiyyaci daga barci. Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi. Ana nuna masa hotuna yana faɗin sunaye, likita kuwa yana taɓa wuri bayan wuri da wuta ta 'yan daƙiƙoƙi. In aka taɓa wuri ya ga akuya ya kasa cewa akuya, alhali da an ɗaga wayar sunan ya dawo, to an kama magini ke nan, sai a ɗora 'yar alama a wurin. Wasu majiyyata kuma akan dasa musu wayoyin a ciki, a rufe, a mai da su ɗakin jiyya, a yi gwajin a tsanake cikin 'yan kwanaki. Ga mai harsuna da yawa wannan ya fi sauƙi, domin wanda aka buɗe wa kai yana farke yakan gaji, kuma kowane ƙarin harshe ƙarin lokaci ne a kan tebur.

Wani abin da akan gani a irin wannan hali shi ne sauyin harshe ba da niyya ba. A 2007 an ba da rahoton majiyyata biyu: ɗaya ya juya daga Holanci zuwa Turanci ana cikin gwajin Wada, ɗayan kuma ya juya daga Faransanci zuwa Sinanci da aka taɓa wani wuri wajen goshinsa na hagu. Ashe akwai wuraren da aikinsu shi ne tsare ƙofa, su zaɓi harshen da zai fita. Wanda ya rasa wannan, kalmominsa suna nan, amma zai iya amsa wa surukinsa da harshen da surukin ba ya ji.

Inda gwajin kan yi tuntuɓe da mutanenmu

An tsara yawancin kayan gwajin ne don Turawa masu harshe ɗaya waɗanda suka yi makaranta. Gwajin sunaye na Bostan, wanda ya fi kowane yaɗuwa, hotuna 60 ne, a cikinsu har da ɗakin ƙanƙara irin na mutanen ƙarshen arewacin duniya, da wata dabbar ruwa ta Amurka mai tare rafi da itace, da wani irin burodi mai kama da ƙulli. Mutumin Gusau da ya kasa faɗin sunayen waɗannan ba shi da ciwon kome. Amma makinsa zai faɗi, kuma za a auna makin da na Amurkawa. Illar ba ta tsaya ga rainin hankali ba. Likitoci sun san cewa wanda maganarsa ke da ƙarfi kafin aiki shi ya fi yin hasara bayan aiki, wanda ciwo ya riga ya cinye masa wurin kuwa ba shi da abin rasawa da yawa. Ƙaramin maki zai iya sa a ɗauka wurin ya riga ya mutu, alhali kuwa da ransa, Turanci ne kawai bai zauna ba. Ko ga Turawan ma, kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aiki a sashen kunne na hagu sukan sami raguwa wajen tuna sunayen abubuwa.

Fassara hotunan kai tsaye ma ba ta wadatar ba. Hoton mota, ko tebur, ko rediyo, ba ya raba Hausa da Turanci, domin sunan aro ne. Sai a nemi irin su tukunya, da raƙumi, da tsani. Sa'an nan sai a tambayi majiyyaci tun kafin ranar me yake kiran kowane abu, domin abin da wani ke ce wa kyanwa, wani mage yake cewa, wani mussa, wani kuliya, kuma duk daidai ne. Wanda bai saba da zanen takarda ba ana iya kwatanta masa da baki, a ce abin da ake daka hatsi a cikinsa, ya ce turmi. Gwajin nan na lissafo kalmomi masu farawa da harafi kaza na masu boko ne. Dattijon da ya iya ajami kaɗai ba a auna shi da shi, kuma in karatu da rubutu za a gwada, to da rubutun da ya iya za a gwada, ko daga dama yake farawa ko daga hagu.

Akwai kuma karin sauti. Bahaushe ya san wuya ta wahala dabam take da wuyan da ke ɗauke da kai, kukan yaro dabam da kukar miya, ko da yake a boko rubutunsu ɗaya ne. Yarabanci da Ibo sun fi mu dogara da wannan. A Ibo kalmar da ake rubutawa akwa tana iya zama kuka, ko tufa, ko ƙwai, ko gado, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke. Binciken da aka yi kan masu jin Sinanci da harshen Tailan ya nuna cewa ga masu irin waɗannan harsuna, karin sauti yana cikin aikin ɓangaren magana. Baturen likita ba zai ji an karya shi ba. Sai ɗan harshe.

Wannan ya kawo mu ga tafinta. Sau da yawa ɗan'uwan da ya yi rakiya shi ake cewa ya fassara, kuma a ganinmu wannan kuskure ne in akwai yadda za a kauce masa. Ɗan'uwa yana da tausayi. In majiyyaci ya yi tuntuɓen harshe sai ya gyara masa, in ya ce cokali a maimakon wuƙa sai ya ce ai wuƙa yake nufi. Kuskuren nan da ya rufe kuwa shi ne abin da likita ke nema. Tafintan da ake so shi ne wanda aka koya wa aikin, aka yi gwaji da shi kafin ranar, wanda zai ba da alama nan take, domin wutar 'yan daƙiƙoƙi ce, in ya tsaya tunani an wuce wurin.

Abu biyu na al'adarmu sukan ruɗi baƙon likita. Na farko kunya. Matar da aka ce ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta sunkuyar da kai, ba mantuwa ta yi ba. Na biyu ya fi hatsari, domin yakan ruɗi har 'yan'uwa. Maganar da baki ya haddace, irin su gaisuwa, da ƙirga ɗaya zuwa goma, da addu'ar da aka saba, da karatun da aka hardace tun yarinta, tana iya fita daidai ko da wurin magana ya lalace. Mutum zai amsa lafiya lau, ya ce da godiya, ya kawo sura ba gargada, amma a nuna masa buta ya kasa kiran sunanta. Saboda haka ba a gwada Larabcin malami da hadda kaɗai. Sai an sa shi ya fassara, ya bayyana, ya ƙirƙiri jimlarsa ta kansa.

Abin da ake so majiyyaci da iyalinsa su yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da likita ya fara zancen tiyata, a zauna a rubuta duk harsunan da majiyyaci ke ji, kome ƙanƙantarsu, har da Turancin buroka. A gaban kowane a rubuta shekarar da ya fara koyonsa, da inda ya koya, da wanda yake magana da shi da harshen yanzu, da ko yana karatu da rubutu da shi. A faɗi da wane yake lissafin kuɗi, domin da yawa cikinmu da Hausa muke ciniki amma da Turanci muke ƙirga. In ya saba gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya, a faɗa, don kada a ɗauki ɗabi'arsa ta kullum a matsayin alamar ciwo. In bahago ne aka tilasta masa cin abinci da rubutu da dama yana yaro, kamar yadda aka saba a gidajenmu, wannan ma lalle a faɗa.

Iyali su ne shaidun ciwon. Su gaya wa likita ko yana magana a lokacin da ciwon ya tashi, da wane harshe, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin bakinsa ya buɗe bayan ya farfaɗo. Ciwon da ya taso daga ɓangaren magana yakan bar mutum minti ɗaya ko fiye yana kallon mutane ya kasa furta kalma. In akwai wayar hannu mai ɗaukar hoto, a ɗauka, bayan an kwantar da shi a gefensa an kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni. Ba a cusa masa cokali ko wani abu a baki. A kawo kwalayen magungunan da yake sha, domin wasu, kamar tofiramet, su kansu sukan sa kalma ta maƙale.

Sa'an nan a yi wa likita tambaya ba tare da jin nauyi ba: da wane harshe za a gwada, wa zai fassara, an taɓa yin aiki da shi? In likita ya ce lokaci ba zai isa a gwada duka a ɗakin tiyata ba, gaskiya ya faɗa, kuma a nan majiyyaci ne ke da ikon jera su. Ba dole ne harshen uwa ya zo farko ba. Malamin makaranta da ke ci da Turanci, da alƙalin da ke aiki da Larabci, da tsohuwar da ba ta da abokan hira sai jikokinta masu jin Nufanci, kowa ya san wanda rashinsa zai fi karya shi. Waɗanda ba su sami shiga ɗakin tiyata ba a nemi a gwada su da hoton MRI.

Bayan aiki baki yakan ɗan yi nauyi na 'yan kwanaki ko makonni saboda kumburi, kuma harshe ɗaya yana iya rigan ɗaya dawowa. Kada a firgita, kada kuma a yi shiru. A gaya wa likita wane ne ya makara. A ci gaba da yi wa majiyyaci magana da duk harsunansa, kowa da wanda ya saba yi da shi. Ba a daina shan magani don an yi aiki sai likita ya ce a rage. Wanda aka yi wa aiki a waje ya tabbata ya karɓo takardar sakamakon gwajin maganar da aka yi masa kafin aiki, harshe harshe, tare da taswirar wuraren da aka samu, ya kai wa likitan da zai ci gaba da duba shi a gida. Da ita za a auna shi bayan wata shida ko shekara, a san ko yana bukatar mai koyar da magana, da kuma harshen da za a fara da shi.